Ranar da Alƙalai Suka Je Auna Mutum-mutumin Kenyatta

A watan Agustan 2019, alƙalai uku na Babbar Kotun Kenya suka bar zauren shari'a suka nufi harabar cibiyar taro ta ƙasa da ƙasa da ke tsakiyar Nairobi, wadda kowa ke kira KICC. Lauyoyi da 'yan jarida na biye da su. Abin da ya kai su shi ne su gani da idonsu ko mutum-mutumin Jomo Kenyatta da ke zaune a harabar wani ɓangare ne na ginin, ko kuwa abu ne mai zaman kansa. Aka kawo abin awo, aka auna daga gindin dogon benen zuwa inda mutum-mutumin yake, aka samu kimanin mita 80. A kan wannan tazara makomar sababbin takardun kuɗin ƙasar gaba ɗaya ta rataya.

Mafarin rigimar ya girmi yawancin waɗanda suka tsaya kallo a ranar. Kenya ta samu 'yanci daga Ingila ranar 12 ga Disamba 1963, kuma a 1966 ta kafa babban bankinta, ta fitar da shilin nata na kanta a madadin wanda take tarayya da Uganda da Tanzaniya. Fuskar da aka ɗora a kai ta Kenyatta ce, shugaba na farko, mutumin da Turawa suka kama a 1952, suka yanke masa shekara bakwai a shari'ar Kapenguria, ba su sake shi ba sai 1961. A wancan lokaci kaɗan ne za su ce bai cancanta ba.

Ya rasu a Mombasa ranar 22 ga Agusta 1978. Mataimakinsa Daniel arap Moi ya hau, kuma ba a daɗe ba fuskar Moi ta maye gurbin ta marigayin a takarda da tsaba. Kowa ya samu rana sai ya yi shanya. Shekara 24 Moi ya yi a kan mulki, yara suka tashi suka yi aure ba su san wata fuska a kuɗi ba sai tasa. Da Mwai Kibaki ya ci zaɓe a ƙarshen 2002, ya yi alkawarin ba zai sa hotonsa a kuɗi ba, sai aka koma wa Kenyatta. Har ma aka buɗe ma'ajiya aka fito da tsofaffin takardu na 1978 masu fuskarsa, waɗanda suka kwana a ajiye duk tsawon zamanin Moi, aka zuba su kasuwa. Amma a 2003, don bikin cika shekara 40 da samun 'yanci, sai ga tsabar shilin 40 ɗauke da fuskar Kibaki kansa.

A nan ne ya kamata a fahimci abin da ke cin mutanen Kenya a rai. Kenyatta da Kibaki 'yan ƙabilar Kikuyu ne, Moi ɗan Kalenjin. A ƙasar da siyasa ke bin layin ƙabila, fuskar da ke aljihunka kullum tana tuna maka gidan da mulki yake. Kuma Kenyattan da wasu ke kira uban ƙasa, wasu da wani ido suke kallonsa. A zamaninsa aka harbe Pio Gama Pinto a 1965, aka harbe minista Tom Mboya a titin Nairobi a 1969, aka tsinci gawar ɗan majalisa J.M. Kariuki a daji a 1975. A Oktoban 1969 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan taron jama'a a Kisumu lokacin da ya je buɗe asibiti, aka kashe mutane, aka haramta jam'iyyar adawa ta KPU, aka tsare shugabanta Oginga Odinga. Ga kuma maganar filayen da Turawa suka bari, waɗanda da yawansu suka faɗa hannun manya, alhali mayaƙan neman 'yanci na Mau Mau da suka kwana a daji sun koma gida hannu rabbana. Jagoransu Dedan Kimathi, wanda Turawa suka rataye a 1957, sai a 2007 aka kafa masa mutum-mutumi a Nairobi. Wanda aka kashe masa uba a Kisumu ba shi da zaɓi, dole ya karɓi albashinsa da wannan fuska, ya sayi garin masara da ita.

Bayan zaɓen Disambar 2007 ƙasar ta kama da wuta, aka rasa rayuka sama da dubu, dubban ɗaruruwa suka bar muhallinsu. Daga cikin abin da ya biyo bayan sulhu akwai sabon kundin tsarin mulki, wanda kimanin kashi biyu cikin uku na masu zaɓe suka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta 2010. A cikinsa akwai sashe na 231, sakin layi na 4, gajere ƙwarai. Ya ce kuɗin Kenya na iya ɗaukar hotunan da ke nuna ƙasar ko wani abu nata, amma ba za su ɗauki hoton wani mutum ba. Bai ware mai rai daga matacce ba, bai kuma keɓe uban ƙasa ba. Mutane sun gaji da sauya fuska duk lokacin da kujera ta sauya mai ita, sai suka rufe ƙofar ga kowa.

Cika wannan umarni ya ɗauki shekara takwas da ɗoriya. An nemi shawarar jama'a, an yi ta ja-in-ja a kotu kan kwangilar bugawa da aka bai wa kamfanin De La Rue. Kafin a gama, a 2013, Uhuru Kenyatta, ɗan Jomo na cikinsa, ya zama shugaban ƙasa. Wato aikin cire fuskar uba daga kuɗi ya faɗo a zamanin ɗansa.

Tsaba aka fara fitarwa a Disambar 2018, ɗauke da hotunan dabbobi: raƙumin dawa a shilin ɗaya, karkanda a biyar, zaki a goma, giwa a ashirin. Sai ranar 1 ga Yuni 2019, a bikin ƙasa na ranar Madaraka da aka yi a garin Narok, gwamnan babban banki Patrick Njoroge ya nuna sababbin takardu na 50, 100, 200, 500 da 1,000. Bayansu na nuna makamashi, noma, ayyukan jin daɗin jama'a, yawon buɗe ido da shugabanci. An kuma sa manyan namun dajin ƙasar: ɓauna, damisa, karkanda, zaki da giwa. Amma a gaban kowace takarda, daga ta hamsin har ta dubu, ga benen KICC, ga kuma Jomo Kenyatta a zaune a gefensa, da hularsa da gemunsa. Mutum-mutumin tagulla ne da wani masassaƙi ɗan Ingila, James Butler, ya ƙera, aka ƙaddamar da shi a 1973, shekarar da aka buɗe ginin.

Cikin 'yan kwanaki Okiya Omtatah ya shigar da ƙara. Sananne ne a Kenya wajen kai gwamnati kotu. Shi ne ya taɓa ɗaure kansa da sarƙa a ƙofar hedikwatar 'yan sanda don nuna ɓacin rai kan kashe-kashen bayan zaɓe. Wani ɗan majalisar Gabashin Afirka, Simon Mbugua, shi ma ya kai tasa ƙarar, aka haɗa su wuri ɗaya. Alƙalin alƙalai David Maraga ya naɗa mutum uku su saurara: Kanyi Kimondo, Asenath Ongeri da Anthony Mrima.

Hujjar masu ƙara ba ta da sarƙaƙiya. Sun ce an shigo da Kenyatta ta bayan gida. Duk wanda ya kalli takardar ya san wa yake gani, kuma an girmama mutum-mutumin a zanen fiye da yadda yake in an kwatanta shi da benen. Babban banki ya ce shi gini ya zana, ginin kuwa alamar ƙasa ce da gwamnati ta amince da ita, mutum-mutumin wani yanki ne nasa, kuma hoton mutum-mutumi daban, hoton mutum daban. Wannan saɓani ne ya fito da alƙalan zuwa harabar KICC.

Ranar 27 ga Satumba 2019 aka yanke hukunci, biyu da ɗaya. Kimondo da Ongeri suka ce mutum-mutumin da benen a fili ɗaya suke, abu ɗaya ne, don haka bankin bai karya doka ba. Mrima ya saɓa musu. A ganinsa, abin da ke kan takardar siffar mutum ce da ake iya ganewa sarai, kuma wannan shi ne abin da kundin ya hana.

Ni dai ina tare da Mrima, kuma ba don ina raina Kenyatta ba. Mutumin ya sha ɗauri saboda ƙasarsa, kuma an riga an karrama shi ta hanyoyin da ba su saɓa wa kowace doka ba: babban filin jirgin saman Nairobi sunansa yake ɗauke da shi, haka babban asibitin ƙasa, haka jami'o'i, haka babban titi a tsakiyar birni, har shi kansa benen da ake magana a kai. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka bi da amanar jama'a. Talakawa sun yi layi a rana a 2010, jinin 2008 bai gama bushewa a zukatansu ba, suka ce kada a sake sa kowa. Da hukuma na ganin uban ƙasa ya cancanci a keɓe shi, hanya a buɗe take: ta fito fili ta nemi a gyara sashen, a yi muhawara, mutanen Kisumu su faɗi nasu, mutanen Gatundu mahaifarsa su faɗi nasu. Watakila ma ta yi nasara. Amma ta zaɓi ta zana tagulla maimakon fata, ta ce ta cika sharaɗi. Kenya kuwa ba ta rasa abin nunawa ba. Tana da Dutsen Kenya, tana da tsohon garin Lamu, kuma ko benen ake so, ana iya ɗaukarsa ta kusurwar da babu kowa a gabansa.

Kwana uku bayan hukuncin wa'adin tsohuwar takardar dubu ya cika, domin bankin ya haɗa sauyin zanen da yaƙi da kuɗin sata da na jabu, ya ce daga 1 ga Oktoba ta daina aiki. Cikin takardu miliyan 217 da ke yawo, an mayar da fiye da miliyan 209. Sauran, kimanin shilin biliyan 7.4, suka zama takardar banza a hannun masu su. Omtatah ya ci zaɓen sanata na Busia a 2022, shekarar da Uhuru ya sauka. A 2024 babban bankin ya sake buga takardun da sa hannun sabon gwamna, Kamau Thugge, aka ƙara matakan tsaro, zanen gaban kuwa aka bar shi yadda yake.