Soriyasis Na Farce: Hattara Da Magani Lokacin Goyon Ciki

Uwargida, idan kin ga farcenki ya yi ƙananan ramuka kamar an soka masa allura, ya yi kauri, ko ya fara ɗagewa daga nama, mai yiwuwa cutar soriyasis ce. Ba a ɗaukarta daga jikin wani, kuma ba ƙazanta ke kawo ta ba.

Ga mai juna biyu, haɗarin yana wajen magani. Ƙwayoyin methotrexate da acitretin, waɗanda ake bai wa masu wannan cuta, suna iya jawo ɓari ko su nakasa ɗan da ke ciki. Wadda ta sha acitretin ma sai ta yi shekara 3 da dainawa kafin ta ɗauki ciki. Maigida, kada ka sayo mata magani a kemis don wai ya yi wa wata aiki.

Ki riƙa rage farcen, ki shafa masa man kaɗanya ko basilin, ki sa safar hannu lokacin wanki. Kada ki sa tsinke a ƙarƙashinsa, ƙara ɗagewa zai yi. Sai an yi haƙuri, domin farcen hannu kan ɗauki kamar wata 6 kafin sabo ya maye gurbinsa.

Ranar awo ki nuna wa likita farcen ba tare da lalle ba, ki kuma faɗa masa idan gaɓoɓin yatsunki suna kumburi ko ciwo.