Dutsen Teburin Kicin: Shin Akwai Haɗari A Cikinsa?

Duk wanda ya shiga manyan gidajen Ikko ko Badun zai tarar da teburin kicin na dutse mai ƙyalli, wanda ake kira giranait. 'Yan'uwanmu da yawa suna cin abinci da wannan dutse: wasu kuku ne masu yanka albasa a kansa, wasu leburori ne masu yanka shi da goge shi. To, ana ta raɗe-raɗin wai yana fitar da guba mai kisa. Mene ne gaskiyar magana?

Tsoron ya bazu ne daga Amurka a shekarar 2008, lokacin da jaridar New York Times ta buga labari cewa wasu irin duwatsun nan suna fitar da wata iska mai suna radon. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari. Tana samuwa ne daga ɗan yuraniyom da Allah ya halitta cikin duwatsu da ƙasa. Idan ta taru a ɗaki mutum ya yi shekaru yana shaƙa, tana iya jawo ciwon daji na huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na wannan ciwo radon ne sanadinsa, kuma taba ce kaɗai ta fi shi ɓarna.

Amma fa a lura. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa yawancin teburan giranait ba sa ƙara wani radon na a-zo-a-gani a gida. Babbar hanyarsa ita ce ƙasar da aka gina gidan a kanta, inda yake kutsowa ta tsagar daɓe. A 1984 wani injiniya a tashar nukiliya ta Limerick, jihar Pensilbaniya, ya sa na'urar awon tashar ta yi ƙara tun ba a fara aiki da makamashin ba. Da aka bincika, ashe daga gidansa yake kwaso abin, daga ƙasan gidan kuwa yake fitowa.

Saboda haka kuku ya kwantar da hankalinsa. Maganin radon shi ne iska ta riƙa ratsa ɗaki. A buɗe taga, a toshe tsagar daɓe da siminti, musamman a ɗakunan ƙasa da ake barin su a rufe. Mai shan taba kuma ya sani haɗarinsa ya ninka na sauran jama'a.

Wanda ya kamata ya ji tsoro sosai shi ne mai yanka dutsen. Ƙurar da ke tashi daga injin tana shiga can cikin huhu ta taurara shi, har numfashi ya gagara, kuma ba a warkewa. Irin wannan ciwo ne ya sa Ostareliya ta hana amfani da dutsen kicin na haɗi a 2024.

Don haka, ya ɗan'uwa lebura, kada ka yarda ka yanka dutse a bushe. A zuba ruwa a bakin injin, ka sa takunkumin hanci na ainihi, domin tsumma ba ya tare wannan ƙura. In tari ya ƙi ƙarewa, ka tafi asibiti ka faɗa wa likita irin aikinka. Neman halal ka zo Kudu, iyali kuma suna jiran ka koma da lafiyarka. Allah ya kiyaye, amin.