Diego Rivera: Bangon Talakawa A Littafin Masu Hali

Kwanakin baya wani abokin aikina ya ara mini wani ƙaton littafi da kamfanin Taschen na Jamus ya wallafa, wanda ya tattara zane-zanen bango na Diego Rivera, shahararren mai zanen nan na ƙasar Meksiko da ya rayu daga 1886 zuwa 1957. Littafi ne da ba a karanta shi a kishingiɗe, sai an share masa tebur.

Mai karatu, ya kamata mu fara sanin dalilin da ya kai Rivera ga bango. Bayan juyin juya halin da ya ɓarke a Meksiko a 1910, akasarin jama'ar ƙasar ba su iya karatu ba. Sai ministan ilimi na lokacin, José Vasconcelos, ya miƙa wa masu zane bangayen gine-ginen gwamnati domin su ba talaka tarihinsa ta hanyar ido. Daga 1923 zuwa 1928 Rivera ya ƙawata ginin ma'aikatar ilimi a birnin Meksiko, yana shafa launi a kan ɗanyen yaɓe kafin ya bushe, dabarar da ya nazarta a Italiya.

A nan littafin ya yi mini rana. Na daɗe a kan hoton wani mahaƙin ma'adinai da ya fito daga rami, ya buɗe hannuwansa ana caje shi, kai ka ce gicciye shi za a yi. Ga kuma malamar karkara zaune a ƙasa, yara da dattawa sun kewaye ta, wani mahayi da bindiga yana gadinsu. A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne benen sama, inda Rivera ya rubuta baitocin waƙoƙin baka na juyin juya hali a kan jan ƙyalle mai ratsa saman zanen. Wato wanda ya iya karatu ya rera, wanda bai iya ba ya bi da ido. Ko ba ka jin Sifaniyanci, za ka ga yadda baiti da hoto suke riƙe da juna.

Sai dai fa gani ya kori ji, takarda kuwa ba bango ba ce. Zanen tarihin Meksiko da ya fara a fadar gwamnati a 1929 a jikin matakala yake. Mai kallo yana hawa, labarin yana buɗe masa, mutanen cikin zanen sun yi masa rumfa. A littafi kuwa ni ne a sama, Aztek da mayaƙan Sifaniya duk suna ƙarƙashin tafin hannuna. Girman nan da ke sa mutum ɗaga kai ya ɓace.

Duk da haka ba zan yi wa takarda butulci ba. Zanen da ya yi a cibiyar Rockefeller ta New York a 1933 an farfasa shi a 1934 saboda ya ƙi cire fuskar Lenin. Ya sake zana shi a Meksiko, amma na asalin hotuna kawai suka rage.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kuɗin littafin. Da na tambayi abokin nawa nawa ya saya, sai ya yi murmushi, ya ce in dai tabbatar yara ba su taɓa shi da hannun miya ba.