Wa ke sayen katako a kasuwar duniya?

Ƴan'uwa manoma, in kun je Maraɗi ko Damagaram sayen katakon ƙyaure ko na amalanke, kukan ce ya yi tsada. Tsadar nan daga nesa take tasowa. Bari mu duba tare.

A cinikin duniya an kasa katako gida biyu. Akwai na itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura, akwai kuma na itatuwa masu faɗin ganye, irin su maɗaci da madobiya. Na biyun shi ake kira katako mai ƙwari. Da shi ake kujeru, da gadaje, da ƙyamare. Ana auna shi da metir kib, wato tulin da ya kai metir ɗaya a tsawo, ɗaya a faɗi, ɗaya a bisa.

Ƙasar Sin ita ce kan gaba wajen saye, kuma ta yi ma sauran nisa. Tana da izin-izin masu yawa na ƙera kayan ɗaki, ga shi a 2017 ta hana saran dazukanta na asali don ciniki. Tana saye daga Tailan, da Amurka, da Rasha, da Gabon. Biyetnam ma babbar mai saye ce: tana ƙera kujeru da tebura ta saida ma Amurka da Turai. Su ko Italiya, da Beljik, da Faransa, ba su kai Sin yawa ba, amma zaɓaɓɓen katako suke ɗauka daga Kamaru da Gabon, su biya da tsada. Tun 2013 dokar Turai ta hana shigar da katakon da aka sara ba bisa ƙa'ida ba.

Ku lura: yawan sayen ƙasa ba ya nuna talaucin dajinta. Sau da yawa yawan izin ɗinta yake nunawa. Amurka ga ta da daji, tana saidawa, tana kuma saye. Sannan lissafin duwan ba ya ganin abin da ya ƙetare iyaka a ɓoye.

Mu fa? Nijar ba ta da dajin da za a tsaga katako da yawa. Namu daga Najeriya da ƙasashen bakin teku yake zuwa cikin kamyo. In manyan masu saye sun ɗaga kuɗi can, kafintan garinku sai ya ji a jikinshi.

Abin bai tsaya ga tsada ba. Don biyan bukatar Sin an sare madobiya da yawa a Najeriya, da Gana, da Gambiya, har a 2017 yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin itatuwan da ba a fidda su sai da takarda. A 2022 aka tsaida cinikinta daga ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Kun san ganyenta ke ceton bisashe da bazara.

Saboda haka, in baƙo ya taya muku madobiya ko maɗaci, kada ku yi gaggawa; ku shaida ma ma'aikatan gandun daji. Ku riƙe sassaben zamani, ku bar tohon itace cikin gonakinku, kamar yadda manoman jihar Maraɗi suka soma tun wajen 1984. Kuɗin gungume kwana kaɗan ne, amma maɗaci sai ya yi shekaru da yawa kafin ya isa tsagawa.