Sarki Dawuda da Ma'anar Kira a Wurin Kiristoci

Kalmar kira, a bakin Kiristoci masu magana da Hausa, tana nufin yaƙinin da mutum yake samu cewa Allah ya keɓe shi domin hidimar ikilisiya, ko a matsayin fasto ko mai bishara, ko kuma fada da sista a ɗarikar Katolika. Daga cikin sarakunan da Littafi Mai Tsarki ya ba da tarihinsu, Dawuda ɗan Yesse ne aka fi kafa hujja da shi wajen bayyana wannan al'amari, kuma sunansa ba baƙo ba ne ga Musulmin unguwannin Briqueterie da Elig-Edzoa na birnin Yawunde, waɗanda suka san shi da Annabi Dawuda mai Zabura, ko da yake ruwayoyin biyu sun sha bamban a wurare masu muhimmanci.

Littafin Sama'ila na fari ya nuna cewa da annabi Sama'ila ya isa Baitalami domin zaɓen magajin Sarki Saul, an gabatar masa da 'ya'yan Yesse bakwai bai ɗauki ko ɗaya ba, sai da aka aika jeji aka kirawo autansu Dawuda daga wurin kiwon tumaki, sannan ya zuba masa mai a ka. Wannan shafewa, wato keɓe mutum da mai domin aikin Allah, ita ce asalin laƙabin Almasihu, kuma har yau bishop yakan shafa mai a tafin hannun sabon fada ranar naɗinsa. Ita ma kalmar fasto daga Latin ta samo tushe, ma'anarta makiyayi.

Abin da malaman tauhidi suka fi tsayawa a kai shi ne tazarar da ke tsakanin shafewa da hawa gadon sarauta, domin Dawuda ya yi shekaru yana gudun hijira a duwatsu da kogunan Yahudiya, Saul na farautarsa, kuma sau biyu ya sami damar kashe sarkin amma ya ƙi, saboda shi ma Saul shafaffe ne. Sai da ya cika shekara 30 ya hau mulki, ya yi shekara 7 da wata 6 a Hebron, sannan shekara 33 a Urushalima. Da wannan jira ake kwatanta doguwar tarbiyyar da ɗalibi yake sha a makarantun horar da limamai, irin ta Nkolbisson a Yawunde ko ta Saint Augustine a Jos, inda ake gwada kiran mutum shekara da shekaru kafin a amince da shi, kuma ba duk wanda ya shiga ne yake kaiwa ga naɗi ba.

Sashen da ya fi nauyi kuwa shi ne faɗuwarsa. Littafin Sama'ila na biyu bai ɓoye cewa Dawuda ya ɗauke Batsheba matar Uriya, ya kuma sa aka tura mijin bakin dāga inda ya halaka ba, har annabi Natan ya zo masa da misalin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci, sarki ya yanke wa attajirin hukunci kafin ya gane kansa ya yanke wa. Galibin malaman Musulunci ba su karɓi wannan ruwaya ba, domin a aƙidarsu annabawa ma'asumai ne. Kiristoci kuwa a nan suke ganin cewa mai kira yana iya yin babban zunubi, kuma ikilisiyar da ba ta da mai gaya wa shugaba gaskiya tana cikin haɗari. Zabura ta 51, wadda kanunta ya danganta ta da zuwan Natan, ita ce babbar addu'ar tuba a wurinsu.

Zabura 150 ce a Littafi Mai Tsarki, 73 daga ciki suna ɗauke da sunan Dawuda a nassin Ibrananci, kuma ƙa'idar da Benedict ya rubuta wa masu zaman zuhudu a ƙarni na 6 ta tanadi a sauke su duka cikin mako guda. Mabiyan wannan ƙa'ida suna da gida a kan dutsen Febe da ke kallon Yawunde. Masu karatu da Hausa kuwa sun sami cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, a fassarar da Likita Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya yi aikinta tare da abokan aikinsa.