Shin Ko Kun San? A Yi Wa Mutum Aikin Tumbi Yau, Gobe Ya Taka

Shin ko kun san cewa mutum na iya rayuwa ba tumbi? Idan ciwon daji ya kama tumbin, likitoci kan yanke sashensa, ko su cire shi ɗungurungum su haɗa hanyar abinci da ƙaramin hanji. Likita Theodor Billroth ne ya fara yanke sashen tumbi aka yi nasara, a birnin Biyana na Ostiriya, a 1881. Matar da ya yi wa aikin ta tashi har ta ci abinci, sai dai bayan kamar wata huɗu cutar ta yi ajalinta.

An daɗe ana bin tsari guda a irin wannan aiki: a hana majinyaci ci da sha tun tsakar dare, a zura masa roba ta hanci har ciki, ya kwanta kwana da kwanaki ana yi masa ƙarin ruwa, ba zai ɗanɗana komai ba sai ya fitar da iska. Kowa na ganin taka-tsantsan ne. Ashe da yawa daga ciki jinkirta warkewa suke yi.

Wanda ya tayar da maganar wani likitan tiyata ne ɗan Denmak, Henrik Kehlet, a shekarun 1990. Marasa lafiyarsa da aka yi wa aikin babban hanji sukan koma gida bayan kwana biyu ko uku. Likitocin Turai suka ɗauki abin, suka kafa ƙungiyar ERAS, mai neman hanzarta warkewa bayan tiyata, a Suwidin a 2010, kuma a 2014 ta fitar da ƙa'idojin da suka shafi aikin tumbi.

Shin ko kun san cewa yanzu ana barin majinyaci ya sha ruwa ko shayi marar madara har saura awa 2 a shiga da shi ɗakin tiyata? Abinci mai nauyi kuwa awa 6. Wasu asibitocin ma kan ba shi wani abin sha mai sukari, domin jikin da ya shiga aiki da yunwa ya fi galabaita. Amma akwai togaciya: wanda ciwon dajin ya toshe masa mafitar tumbi, abinci na taruwa masa, shi dokarsa daban.

Robar hanci fa? Ba a sa wa kowa yanzu, sai da dalili. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ita, ya ga yadda yake kasa haɗiyar yawu yana nuni da hannu, ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne tashi. Washegarin aiki, da ɗinki da komai, ana zaunar da majinyaci a bakin gado, a riƙe shi ya yi 'yan taku. Doguwar kwanciya na sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, majina ta taru a huhu, tsoka ta saki, hanji ya yi barci. Sai dai ba mai iya takawa cikin azaba, shi ya sa ake yin allurar kashe zafi ta gadon baya, a kuma rage magunguna dangin mofin, don su ma suna kwantar da hanji. A ranar ake fara kurɓar ruwa, a bi da abinci mai laushi kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda ciki ya karɓa.

Mai shan taba ko barasa ana so ya daina wata guda kafin aiki. Wanda ya rame kuma, a fara gina shi da abinci tukuna.

Shin ko kun san cewa ba kullum ake tsaga ciki ba? A 1994 likitan Japan Seigo Kitano ya ba da rahoton yanke sashen tumbi ta 'yan ƙananan huji da taimakon kyamara. Ciwon ƙarami, tashi da wuri. Japan da Koriya ta Kudu sun yi nisa a nan saboda suna kama cutar tun tana ɗanya. A Koriya daga shekara 40 ake leƙa tumbin mutum duk bayan shekara biyu.

Bayan sallama sauran aiki na gida ne. Babu sauran zama gaban malmalar tuwo: ɗan kaɗan, sau shida ko fiye a yini, a tauna sosai. Kayan zaƙi na iya zarcewa hanji da gudu su kawo jiri, gumi da gudawa. Wanda aka cire wa tumbi duka zai riƙa karɓar bitamin B12 iya rayuwarsa, galibi ta allura, don tumbin ne ke samar da sinadarin da ke taimaka wa jiki tsotsarsa.

Mu da muke kwana a tabarma gefen gadon ɗan'uwa, tausayinmu bai wuce “kwanta ka huta” ba. Idan ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce a tayar da shi ya taka, kada ku ce ba ta da imani. Ku kama masa hannu.