Ganyen tumatir ya nannaɗe? A gano cutar kafin feshi

Jama'a, yau na ɗan ajiye kaji da tarwaɗa. A gonakin rani na Kura da Bunkure, ganyen tumatir na nannaɗewa sai a ruga feshi. To in bairos ɗin da farin ƙuda ke yaɗawa ne, maganin nan ba ya warkar da shi, kuɗinka kawai ya tafi.

A 2017 masanan Jami'ar Queensland ta Ostireliya suka fito da dabara: a murje ganye cikin ruwan sinadari, a tsoma siririyar takardar tacewa, a ɗauraye ta. Ƙasa da daƙiƙa 30, DNA ya manne. Sai gwajin LAMP, zafin digiri 65, ya nuna cutar.

Takardar ba tsada, sinadaran ne matsalar. Ni a ganina ƙungiyar manoma ce za ta haɗa kuɗinsu.